Alƙalan Ƙaramar Jif a Azare

A Azare mutum ba ya sayen ƙaramar jif shi kaɗai. Da zarar an ajiye RAV4 ko CR-V a gindin darbejiya, an ɗora mata jarka a ka alamar ta sayarwa ce, alƙalai za su hallara, mafi yawansu kuwa ko kuɗin taya ɗaya babu a aljihunsu.

Mai shuri ne ke fara isowa. Zai zagaya motar, ya kai wa kowace taya ƙafa, ya gyaɗa kai ya ce, "Da sauran ƙarfinta." Lambobi huɗun da ke jikin tayar, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, bai taɓa sunkuyawa ya karanta ba.

Sai dillali. "Alhaji, Beljiyom ce, ko ƙurar Najeriya ba ta shaƙa ba." A bakinsa kowace mota Beljiyom ce, ko da daga Amurka aka loda ta. Kuma duk wata tsohuwar Baturiya ce ta hau, daga gida sai asibiti. Ban san tsofaffi nawa Allah Ya ajiye a Turai domin mutanen Katagum ba. Lambar tafiya ta nuna kaɗan, alhali robar birki ta suɗe har ƙarfe ya leƙo. Ka tambaye shi takardar kwastam, wadda ta ƙara tsada tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017, sai ya ce ka taɓa kujerar ka ji, fata ce zalla. La'adarsa kuwa ta gaba da baya ce.

Bakanike ne kaɗai nake sauraro da kunne biyu. Ba ya gaisawa da kowa sai ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota. Abin da yake nema shi ne "indomi", matatar hayaƙin nan ta cikin salansa da ake cirewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. In ya fito ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza a yatsa, ya shinshina. Ya bi ƙofofi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa to an yi ciko an rufe da fenti. Ya leƙa ƙasan kujera, in ya ga tsatsa ya ce ta yi wanka a ambaliya kafin ta hau jirgi. Aibinsa ɗaya: duk motar da bai saba kwance ta ba, ko wadda ba a samun kayanta a Ƙofar Ruwa ta Kano, shara ce, ko jiya aka ƙera ta.

Akwai mai lissafin mai, wanda aka haifa ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi. Tambayarsa ɗaya: "Silinda nawa?" In an ce RAV4 ce mai shida, cikin waɗanda aka yi tsakanin 2006 da 2012, sai ya yi salati ya ja da baya. Ko wanda ya kunna na'urar sanyi harara yake sha.

Masu gwajin tuƙi ƙungiya biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Na farko zai hau titin Kano zuwa Maiduguri, ya miƙi hanyar Potiskum, ya take mai har mai motar ya fara kalmar shahada, sannan ya dawo ya ce sitiyari ba ya rawa. Na biyu yana ganin wannan wasan yara ne. A kai ta yashin ƙasar Zaki, ko fadamar kogin Jama'are da damina, a ga ko jif ce ko kuwa doguwar Corolla. Yana da hujja: da yawa cikin waɗannan motoci tayoyin gaba kaɗai ke ja, sai ka leƙa ƙasa ka ga babu sandar da ke kai ƙarfi baya. Kuma tun da ruwa ya yanke babban titin a ƙasar Katagum a daminar 2024, muryarsa ta ƙara kauri.

Mai safaya kuwa ya yi fushi da Honda tun 2007, da Toyota tun 2013, da suka daina rataya taya a ƙofar baya. In ka je ɗaurin aure a Misau, ta yaya za a gane jif ka zo da ita?

Duk ana wannan, mai saye yana gefe da waya a kunne, uwargida ce. Ba ta tambayi inji ba. Ta tambayi ko bayan motar zai ɗauki kulolin biki da buhun shinkafa, ya ce har da ƙari. Ta ce, "To Alhaji, kafin ka biya, a yi maganar wadda za ta riƙa zama a gaba, ni ko amarya."