Albasar Holan a Amarawa

Ƙanena da ke karatu a Holan ne ya jawo mini. Da ya zo hutu ya miƙo mini wasu 'yan ƙwayoyi goma masu kama da albasa, ya ce tulip ne, furen da Turawa ke yaudara. A ajiye shi a sanyi mai ma'aunin 5 zuwa 9 har mako 12 zuwa 16, sannan a shigo da shi ɗaki cikin kasko. Sai ya zaci hunturu ya wuce, ya yi fure tun lokacinsa bai yi ba.

Na ce ai wannan aikinmu ne na 'yan boko. Ni da ko tafasa na shuka sai ta mutu.

Hunturunmu bai kai wannan sanyin ba, don haka na kwashe zoɓon sayarwar uwargida daga firji na jera su. Wuta kuwa, kun san halinta. Na koma sayen ƙanƙara safe da yamma, har mai ƙanƙarar ya tambaye ni a ina na buɗe shagon lemo.

A mako na biyar, ran Lahadi, na tafi kasuwar Illela. Na dawo, na kai loma ta uku ke nan, sai uwargida ta ce, "Malam, wagga albasa taka ba ta da albarka. Huɗu na yanka, ko hawaye ba ta sa ni ba."

Na tashi tsaye ina salati, na ce a zubar da miyar, abin yana ɓata ciki. Don in kwantar da hankalin kaina na ƙara da cewa mutanen Holan ma sun ci shi a yunwar 1944 zuwa 1945. Ta ce su yunwa ta sa su, ni kuwa fa?

Cikin shidan da suka rage, huɗu suka ruɓe, biyu suka fito da ganye, akuya ta yi musu aski.

Ranar na bi ta fadama na ga maƙwabcina. Ya binne uwar albasa 'yar Galmi don ya samu iri, ga fararen furanni sun cika fage, ba firji ba ƙanƙara. Ya dube ni ya ce, "Malam, taka ta Turai nawa buhu?"

Har yau ina biyan kuɗin zoɓon mako biyar.