Tirelar ɗauko tsire

Mutum zai tara kuɗi wata da watanni ya sayi kwamfuta mai ƙarfin gaske, sai ka leƙa ka same shi yana gudun fatalwa huɗu a cikin Pac-Man, wasan da Namco ta fitar tun 1980. Kamar a ɗauko tirela ne don a kai tsire gida.

Kamfanonin ma sun gano lagonmu. Konami ta sake sayar mana da Contra a 2019, Atari kuma ta tattara wasanni sama da 100 a 2022 ta raɗa musu suna Atari 50. Abin da muka riƙa hura wa iska a kaset har kumatu suka gaji, yau da katin banki ake biyansa, ana murna.

Har sauƙi aka yi mana: a Contra ɗin yanzu kana iya ajiye wasa inda ka tsaya, ka je salla ka dawo. Amma duk da haka magidanci na mutuwa tun matakin farko, ya huce a kan maɓallai, wai na zamani ba su da inganci.

Maɓallan lafiyarsu ƙalau, Alhaji. Yatsun ne suka haura arba'in.