Allah Ya Ja Zamanin Duba-Gari

Masu kiran a dawo da duba-gari sun yi gaskiya, domin ƙasar Rano ba ta taɓa samun ma'aikaci mai basira kamarsa ba. Tun da aka buɗe makarantar koyon aikin tsafta a Kano cikin 1932 ake yaye shi, En'e ta ɗinka masa kaki, ta ba shi ludayi, ta turo shi gunduma. Manyan likitoci sun ƙare rayuwarsu suna neman inda cuta take fitowa. Shi kuwa tun daga zaure ya san amsa: randar talaka.

Ga shi da adalci. Kududdufin bayan gari, inda aka ɗebi ƙasar gina rabin unguwa, yakan cika da damina, sauro ya yi ta hayayyafa a ciki, amma duba-gari bai taɓa kai shi ƙara ba, don ya san kududdufi ba shi da aljihu. Sai dai in ya tsoma ludayi a randa ya hango tsutsa guda, to mai gida zai gurfana gaban alƙali ya biya tara. Ga kuma tausayi. Idan mai gida ya kamo zakara ya rataya masa a keke, nan take tsutsar kan ɓace, masai ya daina wari, kwata ta bushe. Har yau masana ba su haɗa maganin ƙwari mai saurin aiki kamar zakaran Kibiya ba. Ladabi kuwa ba a magana. A ƙofar hakimi da ta dagaci yakan tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya wuce, don kowa ya san sauro ba ya kwana a gidan da ake naɗa rawani.

Wannan hikima gadonta ya yi. Dokar Gwamna Lugga ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, kada sauron da ya ciji ɗan talaka ya ƙarasa Nasarawa. A farkon shekarun 1930 aka jawo wa birnin Kano ruwan famfo daga Chalawa. Rabon ya yi kyau: birni ya samu famfo, ƙauye ya samu mai leƙa randa.

Da zamani ya ci gaba, sai tankin feshi ya hau baya. A 1954 aka fara fesa bangon ɗakuna a yankin Birnin Kebbi. Aka fitar da tukwane da tabarmi da jeren amarya tsakar gida, aka feshe ko'ina. Cikin 1955 aka gano sauron can ya daina jin maganin dieldrin. A Garki kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi aiki daga 1969 zuwa 1976, aka fesa propoxur a damina biyu, zazzaɓi ya lafa, da aka daina ya dawo mazauninsa. Laifin ba na masu feshi ba ne. Sauro ne marar tarbiyya: an shafa masa magani a bango, wani ya yi cizonsa ya fice waje ya huta. Wai masu ƙorafi suna cewa an bar jaki ana dukan taiki. To, taiki ya taɓa harbin wani?

Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya kwanta a magudanan noman rani shekara a zagaye, sauro da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya suka samu matsuguni. Wannan ma ba abin damuwa ba ne, tunda ba a randa suke ba.

Saboda haka, ranku ya daɗe, a dawo mana da shi. Rijiyar burtsatse tana son gyara, magudana tana son siminti, asibiti yana son magani da ma'aikata, dukkansu ci suke yi. Duba-gari kaɗai ne aikin lafiyar da yake kawo wa hukuma kuɗi. In amai da gudawa ya ɓarke a Rurum ko Kibiya, sai a tura shi ya yayyafa Izal a ƙofar gidan makoki, ya rubuta sunan mai gida, a bar shi ya yi sadakar uku kafin a kawo masa sammaci.