Rakiyar Masu Keke

Aka ce 'yan keke za su taka daga Maraban Rido zuwa Kachia don tara wa marayu gudummawa, ana neman wanda zai bi su a baya da mota. Na ce ai wannan lada ne a ɓagas, ni da zan zauna a inuwa. Muka cika but da ruwan leda, ayaba, dabino, famfo da kayan faci.

Ashe tuƙa mota a giya ta biyu tun hantsi har la'asar azaba ce. Direbobin tanka da ke fitowa ta wajen matatar mai suka yi ta danna mana oda. Wani ya leƙo ya ce, "Malam, gawa kuka ɗauko ne?"

Kafin Kujama na yi faci uku, hannuna ya yi baƙi ƙirin da man sarƙa. Wani Alhaji mai tumbi ya shigo motar wai zai gyara takalmi. Bai sake taka feda ba, amma ya cinye ayabar mutum biyar. Da muka hango masu ɗaukar hoto a bakin Kachia, sai ya ce, "Ƙanena, tsaya, sauke mini kekena."

Da dare aka yi lissafi. Da yake an janye tallafin mai tun 2023, fetur ɗin da na ƙona ya kusa lashe rabin gudummawar. Baɗi in Allah ya kai mu, ni zan hau keke, Alhaji ya tuƙa.