Injin Da Na Sato Daga Rogo

A kamfanin da nake wa manaja a Ƙaraye, in abu ya ɓaci Oga ba ya tambayar me ya faru. Daga Kano zai bugo waya, kafin ka gama gaishe shi sai ka ji: "Wa ya yi?" Duk sunan da ya fara fitowa, albashinsa ne zai ji jiki. Shi ya sa yarana suka ƙware a rashin gani. Sito zai yi yoyo a kan buhunan taki, kowa ya ratsa ta gefe yana duba agogo.

Taki da iri da injin ban ruwa muke sayarwa, kuma manyan masu sayenmu manoman rani ne na bakin madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992. Da kaka ta wuce Oga ya ce injuna goma na tafe. Mota ta sauke, na ƙirga, tara. Mai sito ya ce direba ne. Direba ya rantse 'yan dako ne. 'Yan dako suka nuna Baba maigadi, shi kuwa ya ajiye carbi ya ce, "Manaja, ni ƙofa aka ba ni, ba lissafi ba."

In gaya wa Kano? Sunana ne zai fara fitowa. Na ja bakina na yi gum.

Wani ɗan acaɓa ne ya tsegunta mini cewa motar ta zarce reshenmu na Rogo. Tun 2024 Ƙaraye da Rogo ne kaɗai a Masarautar Ƙaraye, sarkinmu ɗaya, amma ni da manajan can ko gaisuwa ba ma yi a waya, kada wata rana a ce da haɗin baki. Na garzaya Rogo, na same shi ya rame. Ya ja ni lungun sito, ya ɗaga tamfal: ga inji sabo fil.

"Yallaɓai, sha ɗaya suka zo," in ji shi cikin raɗa. "In na faɗa, a ce daga ina. In na yi shiru, a ce na ɓoye. Barci ma ya gagare ni."

Muka rungume juna. Bayan isha'i muka ɗaure injin a bayan babur ɗina, na kama hanya da fitila a kashe don sirri. Ban yi nisa ba tocilan ta haske ni. 'Yan sintiri! Ga dare, ga inji ba rasit, ga mutum yana zufa cikin hunturu. Na ce ni manaja ne. Babbansu ya ce na jiya ma injiniya ya ce shi. Na kira abokin sirrina, na buɗe murya kowa ya ji.

"Wane inji?" in ji shi. "Wa ke magana?"

A zauren mai unguwa na kwana, ni a tabarma, injin a kan buzu, don shi ne shaida.

Da hantsi Oga ya iso da direba. Sai a lokacin direba ya zaro takardar kaya daga aljihu, duk ta sha baƙin mai, abin da ya hana shi nuna ta tun farko ke nan. Ga rubutun Oga ɓaro-ɓaro: Ƙaraye tara, Rogo sha ɗaya. Shi ya canza shawara, ya manta bai faɗa wa kowa ba. Wato babu abin da ya ɓata sai da na zo na sace.

Duk mun ga rubutun, amma ba wanda ya gani. Oga ya linke takardar ya sa a aljihu, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya bar manaja ya fita da dare?"

Rabin albashin Baba maigadi aka yanke.