Farautarmu da Kilisarmu a Shekarar Korona

Mu mutanen Rano da Kibiya ba mu iya yin abu mu kaɗai ba. In noma ne sai gayya, in biki ne sai an tara gari, in farauta ce kuwa sai an buga gangi an cika mota. Shi ya sa har yanzu in hira ta yi daɗi aka tuno shekarar korona, gardama ba ta rasa tashi: waɗanda suka fita daji a wancan lokacin, da samarin da suka ɗaura sirdi suka yi kilisa gari na kulle, sun kyauta ko ba su kyauta ba?

Kwanakin baya wani matashi mai yawan duba waya ne ya tono zancen a majalisarmu. Ya ce ai ko a Ingila, da gwamnati ta hana taron da ya wuce mutum 6 a watan Satumba na 2020, sai da ta ware masu farauta ta ce su ban da su. Can akwai masu fita a kan dawaki da garken karnuka. "To Baba," in ji shi, "in su an ƙyale su, mu da dajinmu ya fi nasu iska, me ya hana mu?"

Dattijon da ya tambaya tsohon mafarauci ne, ya ga jiya ya ga yau. Ya ce, "Yaro, ka taɓa shiga motar farauta?"

Wanda bai taɓa shiga ba, bari in ba shi labari. Tun kafin asuba ake taruwa a bakin tasha, sanyin hunturu na kaɗawa. Babbar mota ce buɗaɗɗiya, ana hawa mutum kan mutum, gwiwar wannan a bayan wancan, karnuka a ɗaure tsakanin ƙafafu suna haki. Ga gora, ga adda, ga barandami, wani da bindigar toka. Jarkar ruwa ɗaya, moɗa ɗaya, kowa ya kafa kai ya miƙa wa na kusa. Mai gangi na kiɗa, wani ya zabura ya yi kirari a fuskar ɗan'uwansa har yawu na fita. A haka za a yi tafiya mai nisa ta wajen Tudun Wada ko Sumaila, a doshi bakin dajin Falgore. In an sauka kuma ba mu kaɗai ba ne, ga ayarin Bunkure, ga na Garko, wani lokaci har da na birni. Zomo ɗaya ya tashi, mutane su rufu a kansa ana kokawa, mai ƙarfi ya ƙwace. Da rana a zuba garin kwaki da ƙuli a kwano guda, hannu nawa ne zai shiga, Allah ne ya sani.

Dajin kansa ba shi da laifi, kuma a nan ina tare da matashin. Mutum ya ratsa saura shi da karensa, iska na kaɗa shi, bai cutar da kowa ba. Abin tsoron yana cikin motar da moɗar da kwanon, sannan yana cikin dawowa. Saurayi mai jini a jika ya kwaso cutar ya yi atishawa kwana biyu ya warke, amma da daddare shi ne zai durƙusa gaban kakarsa ya miƙa mata cinyar zomo, shi ne zai kama hannun mahaifinsa mai ciwon suga ya raka shi masallaci.

Kada mu manta da yadda watannin nan suka kasance. Ranar 11 ga Afrilu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano. Gwamna Ganduje ya rufe jihar daga 16 ga wata, Shugaba Buhari ya ƙara da nasa kullen ranar 27. Azumi ya kama a cikin haka, masu haƙar kabari a birni suna cewa ba su taɓa ganin gawa na zuwa irin haka ba. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na ƙwaryar birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona, yawancinsu tsofaffi. A lokacin da yawa cikinmu cewa muke yi ciwon 'yan birni ne da masu hawa jirgi. To amma wa ke cikinmu da ba shi da ɗa ko ƙane a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, mai zuwa gida duk ƙarshen mako?

Mu nan ma makonnin ba su wuce mu haka nan ba. Ranar 2 ga Mayu Allah ya yi wa Sarkin Rano, Alhaji Tafida Abubakar Ila, Autan Bawo, rasuwa, shekara guda ke nan da ɗaga darajar masarautar. Wanda ya gaje shi, Alhaji Kabiru Muhammad Inuwa, daga hakimcin Kibiya aka ɗauko shi. Duk wanda ya san mu ya san irin hawan da za a yi a ce lafiya lau ake: sabon sarki, sallarsa ta farko, Rano da Kibiya duka kowa na ganin nasa ne. Dawaki da sun cika gari tun daga Rurum har Saya-Saya. Amma aka yi ƙaramar salla ranar 24 ga Mayu babu hawa, babbar salla ta zo ƙarshen Yuli gwamnati ta sake soke hawan a masarautun jihar 5 na wancan lokacin. Kayan doki suka zauna a adaka, makaɗa da 'yan harawa da masu ɗinkin ado suka yi asarar shekara. In fada ta iya haƙura da wannan, ban ga hujjar saurayin da ya ce shi ba zai iya haƙura da kilisar rana ɗaya ba.

Wani maƙwabcinmu mai doki ya ce a yi adalci, kuma ya yi gaskiya. Doki ba babur ba ne da za a jingine. In ya daɗe a turke yana cin dusa da harawa ba ya motsa jini, ƙafafunsa kumbura suke yi, halinsa ma ya ɓaci. Dole a fitar da shi. Ba wanda ya ce kada yaron barga ya hau shi da yamma ya kewaya fadama ya dawo. Sai dai mu kilisarmu ba ta tsayawa a haka. Da doki uku sun jeru, sai ga yara sun biyo, sai 'yan babura, sai mai kalangu, kafin ka ce kwabo layi ya cika ana sukuwa ana ihu.

Haka ma mafarauta, ba duka ne masu zuwa don nishaɗi ba. Akwai wanda in bai kamo gafiya ko zabo ya sayar ba, ba za a ɗora tukunya a gidansa ba, ga kasuwanni a rufe, ga tallafin da aka yi ta faɗa bai iso kowa ba. Wannan ban isa in zarge shi ba. Mutanen nan har Kudu suke zuwa neman halak, kowa ya shaida haka a watan Maris na 2025 da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida salla, da yawansu 'yan Torankawa ne ta nan Bunkure. Allah ya jiƙansu. Amma wannan nisan tafiyar tasu shi ne ya sa maganar annoba ta fi shafarsu, domin mai ratsa jihohi ya fi kowa haɗuwa da mutane. Ga shi kuma da cutar ta sake tasowa a Disamba 2020 zuwa Janairu 2021, daidai tsakiyar lokacin farauta ta faɗo, an gama girbi, daji ya bushe, kowa ya saki jiki.

Da aka zo nan wani ɗan tauri ya ce su da ƙarfe ma ba ya cin su, tari ne zai kayar da su? Malamin da ke ja mana salla ya amsa masa cikin natsuwa. Ya ce, "Ɗan'uwa, Sayyadina Umar bai gaza ka jarumta ba, amma da ya doshi Sham ya ji annoba ta sauka, juyawa ya yi da jama'arsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da ake annoba, ya hana fita daga cikinsa." Wurin ya yi tsit, domin ayarin farauta abin nan biyu duka yake yi a rana ɗaya.

Kuma ba korona kaɗai ba ce. Duk rani zazzaɓin Lassa na dawowa, daga ɓera ake ɗaukarsa, a Janairun 2020 ma ya kashe likitoci a Kano. Mu kuwa mu ne masu cinna wa daji wuta, ɓeraye su gudo rumbuna, mu ne masu feɗe nama da hannu tsirara.

Ni dai ga inda na tsaya. Ranar da hukuma da likitoci suka ce annoba ta shigo, mai neman abin kai wa baki ya fita shi da ɗansa ko ƙanensa, da ƙafa, a dajin kusa, kowa da gorar ruwansa. Mai doki ya motsa dokinsa shi kaɗai. Amma farautar gayya ta cika mota, da kilisar tara gari, waɗanda suka yi su a wancan lokacin ba su kyauta wa iyayensu ba. Ina roƙon sarakunan baka da dagatai da masu unguwanninmu na Rano da Kibiya su zauna tun yanzu da ake zaune lafiya, su yanke wannan magana a tsakaninsu, domin mafarauci ya fi jin maganar Sarkin Baka a kan sanarwar rediyo.