Yadda Za Ka Fara Ƙira Da Kwamfuta Ba Tare Da Ka Dafa Taliyar Roba Ba

Ɗan'uwa, tun ranar da ka ga bidiyon injin nan na 3D yana fitar da kofi har da mariƙinsa, barci ya ƙaurace maka, har ka fara tambayar kuɗin babur ɗinka a kasuwa. Mayar da makullin aljihu tukuna. Aikinka na farko yana nan cikin ɗakinku: maɓallin fankar nan da ya tsage tun azumin bara, wanda har yau da filaya ake murɗa ƙarfensa.

Fara da sayen kalifa, ma'aunin da makanikai ke gwada kaurin ƙarfe da shi. Tela zai gane idan ka ce ya ɗan saki hammata, amma kwamfuta ba ta san "ɗan ƙara kaɗan" ba, milimita kawai take ji. Auna ƙarfen fankar sau biyu, ka rubuta a takarda, sannan ka ƙara wa ramin maɓallin kamar milimita 0.2, domin roba tana matse rami idan ta huce.

Zane kuwa ba ya cin ko kwabo. Tinkercad kyauta ne, a intanet ake buɗe shi, ana jera akwati da gwangwani kamar yara na gina ɗaki da laka. Idan data ta yi wuya, sauke FreeCAD sau ɗaya ka huta. Da ka gama, fitar da zanen a matsayin STL, ka miƙa wa manhajar Cura ta fere shi sala-sala kamar naman kilishi, don da sala ɗaya-ɗaya injin yake gini.

Yanzu ga inda ake kuka. Zaren da injin ke ci, PLA, daga sitacin masara ko rake ake yin sa, yana narkewa a wajen digiri 200, ya fito ta bakin da bai wuce milimita 0.4 ba. Salar farko ita ce komai. Ja kujera ka tsare ta kamar mai gadin madara a kan wuta. Idan ba ta kama farantin injin ba kuma ka tafi masallaci, injin ba zai tsaya ya jira ka ba, zai ci gaba da zuba zare a iska da zuciya ɗaya, ka dawo ka tarar da tulin taliya wadda ko akuya ba za ta kalla ba. Goge farantin, daidaita shi da takarda, sake gwadawa. Kada kuma ka ɗora aikin awa shida a kan wutar gari ba batiri ko inbata. Lulluɓe injin lokacin hunturu saboda ƙura. Abin da ka buga ma kada ka bar shi a mota cikin ranar Afrilu a Sakkwato, don PLA tana fara laushi tun wajen digiri 60, sai maɓallinka ya koma kamar alewar da ta kwana a aljihu.

Idan injin yanka na leza ka samu, wannan ba wasa: kada ka taɓa sa masa robar PVC, hayaƙinta guba ne.

Sai batun jama'a, wanda shi ne ribar sana'ar. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin injin 3D mai suna RepRap, ya saki zanensa ga kowa, daga nan ƙananan injina masu araha suka yaɗu. A 2013 Afate Gnikou ya haɗa nasa injin a Lome ta ƙasar Togo da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. Leƙa Thingiverse ko Printables kafin ka zana komai, wataƙila wani a Barazil ya riga ya sha wahalar maɓallin irin fankarka. Duba sharaɗin da mai zanen ya gindaya, wasu sun yarda a sayar, wasu ba su yarda ba.

In kuna aiki ku uku ko huɗu, don Allah ku daina jefa wa juna zane a WhatsApp da suna "na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske", "wannan ne wallahi". Ku buɗe ma'aji a GitHub, shi zai riƙe muku wanda ya canza me da ranar da ya canza, zumunci ya tsira.

Kai abin da ka buga wurin masu ƙira a Panteka ta Kaduna ko maƙeran garinku. Da sun juya shi a hannu za su nuna maka inda zai karye. Ka gyara, ka ɗauki hoto, ka ɗora zanen a intanet, kuma ka rubuta bayaninsa da Hausa, don wani yaro a Damagaram ya iya bin sawunka.